Kwamfutar Hajiya Rabi da Ke Tsayawa Ranar Juma'a

Na daɗe ina juya wannan magana kafin in zauna in rubuta ta. Kusan shekara biyu ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce aji shida na lekol, wato makarantar boko, ba, kuma ina tsoron masu ilmi su ga kuskure su yi dariya. Amma ba wannan ya fi damuna ba. A cikin labarin akwai sirrin wata baiwar Allah da ta bar min amanar kayanta. Sai da na tambayi limamin unguwarmu har sau biyu. Karo na biyu ya ce, "Malam Sani, ka yi min tambayar nan watan jiya, kuma amsar ba ta sake ba. Rubuta abin da zai maida kaya ga mai su, ka bar sauran." To, shi nake ƙoƙarin yi.

Ina gyaran kwamfuta, wadda mu a nan Malanville muke ce ma ordinatar, a wata 'yar rumfa bayan kasuwar albasa. Kusa da ni akwai teburan masu gyaran salula, kuma domin su ma nake rubutun nan. Babbansu Nasiru ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Hannunshi na da kyau, ban raina mishi ba. Amma duk wanda ya kawo mishi kwamfuta ya ce tana nauyi ko tana tsayawa, amsarshi guda ce: a formate. Wato a share duk abin da ke cikinta, a zuba sabon tsari.

"Kawu," in ji shi, "aikin minti arba'in kake yi ma kwana uku. Tsakanin kai da ita wa ke jinyar wani?"

Nakan ce mishi, "Ranar da ka share abin da ba ya dawowa, za ka san amfanin kwana ukun."

Rediyo na fara koyo, a Kandi, wurin maigidana Bawa, Allah ya jiƙan shi. Shekarata ta farko ban taɓa waya ko ɗaya ba. Aikina in kwance notuna in jera su cikin kwalin ƙwai, kowane noti da raminshi, yadda sunka fito haka za su koma. Wata rana na haɗa rediyon wani jandarma, noti guda ya yi saura cikin kwalin. Rediyon na magana lafiya lau. Maigida ya sa na sake kwance shi gaba ɗaya, jandarma na zaune bisa benci yana kaɗa ƙafa, har na gano inda notin ya fito. Tun daga ranar ba a taɓa ganin teburina babu kwalin ƙwai ba.

Maigida yana da tambaya guda da yake yi ma kowa kafin ya karɓi kaya: "Ina take kwana?" Mutane sukan zaci wasa yake. Amma rediyon da ke kwana kusa da murhu ciwonshi daban da wanda ke kwana kusa da randa, kuma shi yakan san abin da zai tarar ciki tun bai buɗe ba. Shekara bakwai na yi a hannunshi kafin ya sallame ni.

Da kwamfuta ta fara shiga gidaje, na sayi wata matacciya hannun 'yan gwanjo. Na kwance ta na haɗa fiye da sau ashirin. Sa'ad da na samu ta tashi, sai ta shiga yi min faransancin da ba a koya muna a lekol ba. Duk abin da ta rubuta in kwafe shi cikin littafi, in kai ma wani malamin makaranta ya fassara min, in rubuta a ƙasa abin da na yi da abin da ya biyo baya. Littafin ya cika na ɗinka mishi wani, wancan ma ya cika.

Kayan aikina ba su da yawa. Turnabis huɗu na kwance noti, tsohon burushin haƙori, ɗan famfon iska na roba, alkol na kantin magani da auduga, man sanyi da ake shafawa bisa ƙwaƙwalwar na'ura, sai kile biyu na kwashe bayanai. Kafin in taɓa ko ɗaya nakan kunna ta in kara kunne. Fanka mai lafiya hura take yi, mai ciwo gurnani. Diski, ma'ajiyar da kome ke ciki, in ya kusa mutuwa yakan yi wani ƙas-ƙas ƙarami kamar agogo. Sannan in ɗora hannu in ji zafi. Sannan in tambayi mai ita yaushe abin ke farawa. In tun daga kunnawa take nauyi, galibi manhajoji ne sunka yi yawa, kowace na son tashi tare da ita. In nauyin ba ya sauka, ko diski ya cika ko an kwaso birus, cutar na'ura, cikin kile daga wani wuri. In tana mutuwa farat ɗaya daidai da an tada injin niƙa a maƙwabta, kuran, wato wutar lantarki, ne ke faɗuwa. In kuwa ta fara da kyau, can ta fara jan ƙafa har ta tsaya, to nemi zafi.

Wani mai kantin maganin dabbobi ya taɓa ɗauko tashi daga Guéné bisa babur, yana rantsuwa an yi mata asiri. Na duba, diskin ya cika maƙil da bidiyon kokawa. Na ce sai an rage. Mun yi awa biyu muna zaɓe, don duk wanda na nuna sai ya ce, "A'a, wanga kam bar shi, dubi kayen nan!" Ta magatakardan manoman shinkafa na Garou kuwa zanzaro ya gina ɗakinshi na laka tsakanin fikafikan fanka. Ko ɗaya cikin biyun nan ba ya buƙatar formate.

Ranar da Hajiya Rabi ta fara kawo tata Asabar ce. Doguwar mace, dillaliyar albasa, asalinta wajen Dogonduci, amma ta daɗe tana haya a garinmu. Mijinta Garba malamin lekol ne da ya yi ritaya, shi ya sa ake ce mishi Mushe Garba, laƙabin malamai a nan, ya rasu shekarar da ta gabata. Kwamfutar tashi ce, irin ta tebur, mai akwati daban da allo daban. Cikin sabon zane ta naɗo akwatin.

"Kai ne likitan ƙarfe?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa."

Ta nuna teburin Nasiru da haɓa. "Wancan ya ce a wanke mata ciki. In ka wanke mata ciki, ni da kai har gaban Allah."

"Ba zan wanke ba. Mi take yi?"

"Tana tafiya daidai, sai ta fara jan ƙafa, sai ta tsaya cik. Ko kibiyar ba ta motsi."

"Ina take kwana?"

"Cikin ɗakina, ƙarƙashin tebur. Ko ƙuda ba ya sauka kanta."

"Wane aiki kike yi da ita?"

"Aikin da nake yi da ita nawa ne."

Na bar ta haka. Da na buɗe akwatin na tarar da wani danƙo mai launin ƙasa ya manne bisa fikafikan fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, kamar an shafa ƙaro. Na wanke da alkol, na bi kowane haƙori da burushi, na sake man sanyi. Na bar ta a kunne wuni uku, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Ranar Talata na maida mata ina jin daɗin aikina.

Ranar Asabar sai ga ta da zanenta.

A nan dole in faɗi laifina. Tun buɗewar farko na ji ƙamshin turare. Amma kayan kowace Hajiya ƙamshin turare suke yi, har takardar kuɗin da za ta miƙo maka. Ban tsaya in tambayi kaina daga ina danƙon ya fito ba. Na tambaye ta ina take kwana, ta ba ni amsa, na karɓa ban bincika ba. Da maigida Bawa na raye da na sha faɗa.

Karo na biyu na ciro memuwa, 'yar sandar da na'ura ke riƙe aiki a cikinta, na goge bakinta na gwada ta cikin wata na'ura. Na nemi birus, babu. Diski ko rabi bai cika ba. Na ce ko kuran ɗin unguwarsu ne, na ara mata regilatar rumfata, abin da ke daidaita ƙarfin wuta. Na sake barin ta wuni uku a kunne. Lafiya lau.

Asabar ta uku ba ta ko yi sallama ba. Ta dire akwatin bisa teburina har notunan wani aiki sunka yi tsalle daga kwalin ƙwai.

"Malam Sani, in ba ka iya ba ka faɗi. Ba abin kunya ba ne."

Masu albasa sun bar ciniki suna kallo. Nasiru ya ɗaga murya daga teburinshi: "Kawu, minti arba'in!"

Na tsince notunan ɗaya bayan ɗaya na maida su ramukansu. Sannan na ce, "Hajiya, a nan ba ta tsayawa, sai a gidanki. In ba ki gaya min abin da kike yi da ita ba, dabarata ta ƙare."

Sai ta zauna bisa benci ta rage murya. Ta ce da ciwo ya kwantar da Mushe, ya ɗauki muryarshi cikin kwamfutar, wasiyya ga 'ya'yansu uku, kowa da nashi rabo, babba zuwa ƙarami. Ya nuna mata wurin da za ta danna sau biyu, ya ce nata yana ƙarshe. Ba ta kunna ba sai da ta fita takaba. Tun daga nan take kunnawa, kuma ba ta taɓa kaiwa ƙarshe ba. 'Ya'yan duk sun yi nisa, ita kuwa ba ta yarda wani baƙo ya zauna ya ji ba, balle ta nemi a tsallaka mata gaba.

"Wata bakwai," in ji ta, "ban ji nawa ba."

Da magariba na koma gida, na wanke hannu zan ci tuwo. Matata Hadiza ta miƙo min miya, sai ta kama hannuna ta sunsuna.

"Malam, wace amarya ka gyara ma ordinatar yau?"

"Wace irin amarya? Kayan Hajiya mai albasa ne."

"Wanga ba turaren jiki ba ne, na wuta ne, mai sandal da sukari. Dubi yadda ya danƙare maka ƙarƙashin farce. Haka yake yi ma kwandon da nake turara tufa a kai."

Na ajiye lomar. Na shiga lissafin kwanaki. Sau uku ta zo, duk ranar Asabar. Kashegarin Juma'a ke nan. Da safe na je na same ta wurin buhunanta, na roƙi izini in kai mata kwamfutar da kaina ranar Juma'a in ga yadda take kunna ta, ni da matata, tun da ba ya kamata in shiga ɗakin mace ni kaɗai. Ta ce mu zo da hantsi.

Ɗakin tsaf yake, gaskiyarta, ko ƙuda babu. Na haɗa wayoyi yadda ta nuna min, akwati ƙarƙashin tebur, allo a sama. Na ce ta yi kome kamar ba mu nan. Ta buɗe adaka ta ɗauko wata farar babbar riga mai aiki a ƙirji. Ta ɗaga allon, ta shimfiɗa rigar bisa tebur, ta maida allon a kai. Rigar ta sauka ta kowane gefe har ƙasa kamar laima. Sai ta fita ta dawo da kasko cike da garwashi, ta barbaɗa turare, ta ɗaga gefen rigar ta tura shi ciki, dab da akwatin.

Hadiza ta mintsine ni a hannu. Na riga na yi kuskure sau biyu, ba na son in yi magana sai na gani da idona. Na dai cire wayar sifika.

"Don mi ka cire?" in ji Hajiya.

"Ba nawa ba ne in ji. Ga layin nan da ke tafiya a ƙasan allo, shi zai nuna muna inda take."

Ta danna sau biyu. Layin ya fara tafiya. Na duba agogona. Minti shida, fanka ta fara gurnani. Minti tara, layin ya fara tafiya yana tsayawa. Minti goma sha ɗaya ya tsaya cik. Na tura hannu ƙarƙashin rigar na taɓa akwatin, na janye da sauri, kamar murfin tukunya bisa wuta.

"Kullum nan wurin," in ji Hajiya. "Daidai inda shike yi ma autarmu magana. Har na fara cewa ko fushi shike yi da yarinyar. Ko da ni."

"Hajiya, ba fushi ba ne. Zafi ne."

Na ciro kaskon, na ɗage rigar, na nuna mata ramukan gaba da na baya. Na ce na'urar nan numfashi take yi, ta nan take jan iska mai sanyi, ta can take fitar da mai zafi. In an rufe ta da riga an sa mata wuta a gefe, hayaƙi take sha, mai da sukarin turaren su manne ma fanka, ƙwaƙwalwar ta yi zafi, ta rage gudu don kar ta ƙone, in abin ya fi ƙarfinta ta tsaya. Na zaci za ta yi murna. Sai fuskarta ta ɗaure.

"Shekara talatin da ɗaya, duk Juma'a da hantsi nike turara mishi riga kafin shi tafi masallaci. Yanzu kai ka zo ka ce in bari?"

Wannan babu shi cikin littattafaina biyu. Hadiza ce ta fitar da ni.

"Yaya, wa ya ce ki bari? Ki turara ta tsakar gida bisa kwando, yadda kike yi da. In ta sha, ki shigo da ita ki yafa bisa kafaɗarki ki zauna. Ita wagga na'ura ai ba ta da hanci. Ke ke da shi."

Hajiya ta dubi Hadiza, ta dube ni. "Ashe ita ce likitan."

Nan take na buɗe akwatin na sake wanke shi. Na ɗora shi bisa tebur, na ja shi taki guda daga bango, na jira ya huce sarai. Na maida wayar sifika. Sannan ni da Hadiza munka fita ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, inda ba a jin abin da ke cikin ɗaki.

Ban taɓa kallon agogo kamar ranar nan ba. Minti goma sha ɗaya ya wuce, ba ta kira ni ba. Sha biyar. Na ce ma Hadiza ko ta tsaya ne Hajiya ta kasa fitowa. Ta ce in zauna, ina sa ta jiri. Ashirin. Mutane sun fara wucewa da tabarmi zuwa masallaci. Sai da anka yi minti ashirin da bakwai da 'yan kai sannan labule ya motsa. Ta fito da rigar bisa kafaɗa.

"Ta kai?" na ce.

"Ta kai." Ta zauna bisa dakali. "Yara ya yi masu wa'azi har na gaji. Ni kuwa magana guda ya yi min. Guda! Wata bakwai ina jira." Ta yi ta dariya har tana share ido da hannun rigar.

Ban tambaye ta wace magana ba. A sahun baya na samu Juma'ar ranar, cikin rana, ban ko ji zafinta ba. Kashegari ta aiko min da buhun albasa, kuma da ta zo wucewa ta tsaya gaban teburin Nasiru ta ce, "Kai, mai wanke ciki, ka gaida kawunka da kyau."

Akwai dai abin da bai bar ni na huta ba. Sa'ad da nake wankin ƙarshe na ji ƙas-ƙas ɗin nan cikin diski, kaɗan ƙwarai, amma na ji. Zafin watannin nan ya taɓa shi. Na gaya mata. Na ce in kwafa mata muryar cikin salularta. Ta ƙi. Ta ce salula kasuwa take zuwa, kowa na ara, har bayan gida ake shiga da ita. Inda Mushe ya ajiye muryarshi nan za ta zauna. Duk sa'ad da na gan ta sai na tuna mata, har ta fara canza hanya in ta hango ni. Bayan wata biyar ta gaji ta yarda a sa sabon diski a kwashe kome a kai. Ta kawo min akwatin cikin zanen nan nata, ta ce za ta ƙetara kogi zuwa Gaya sunan jikar wata 'yar'uwarta, sati guda ta dawo.

Cikin satin nan anka rufe gadar kan iyaka da ke tsakaninmu da Gaya.

Duk wanda ke garin nan ya san shekarar, ba sai na tsawaita ba. Manyan motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu. Albasa ta ruɓe cikin buhu. Rabin masu kawo min aiki daga ƙetare suke zuwa, sauran kuwa wa zai gyara kwamfuta gidanshi babu masara? Na koma gyaran tocila da fitilar sola da rediyo, kamar zamanin Kandi. Da damina na rufe rumfa na tafi Toumboutou na taya ƙanena noma, hannun da ya saba da turnabis ya yi kanta. Na sayar da kwamfutata ta aiki. Wani ya ga ta Hajiya cikin zane ya taya, na ce ba ta sayarwa ba ce. Kafin in sayar da tawa dai, da ita na kwashe tsohon diskin gaba ɗaya zuwa sabo, ba tare da na buɗe ko abu guda ba. Sati uku bayan haka tsohon ya mutu.

Hajiya ba ta dawo ba. Lambarta ta daina shiga. Mai gidan da take haya ya ce wani ɗan'uwanta ya zo ya kwashe kayanta da jirgin ruwa, ranar ni ina gona. Na ba masu fito saƙo sau da yawa. Da hankali ya ɗan kwanta na shiga jirgi da kaina, ni da ke tsoron ruwa, na je Gaya wurin 'yan albasa. Wasu sun ce ta koma wajen Dogonduci, wasu sun ce tana wurin ɗiyarta, ba su san garin ba.

Kwamfutar na nan. Na sa mata sabuwar fanka. Na yi kwafi cikin kile biyu, ɗaya a rumfa, ɗaya a gida cikin gwangwani, saboda gobara. Na'ura in ta daɗe a ajiye lalacewa take yi, don haka duk Juma'a da hantsi nakan kunna ta, in cire wayar sifika, in danna wurin da Hajiya ta danna a gabana, in zauna in ga layin ya tafi har ƙarshe.

Nasiru ya gan ni wata Juma'a ya zo ya tsaya a kaina.

"Kawu, sunayen 'ya'yan duk suna ciki. Wataƙila har garuruwan da suke. Maida wayar nan minti biyar, ka gama neman da kake yi shekara biyu."

"Na sani."

"To mi?"

"Wata bakwai ta yi tana jira don kar baƙo ya ji. Ni ne zan zama baƙon?"

Ya girgiza kai ya tafi. Na kwana da maganarshi kwanaki, don ba wauta ya faɗa ba, kuma har yau ban tabbata ni ke da gaskiya ba. Tsakanin in saurara da in rubuta, na zaɓi in rubuta, tun da abin da na rubuta idona ya gani, ba kunnena ya sata ba. Shekaranjiya kuwa wani ya kawo ma Nasiru kwamfuta mai tsayawa, na ji shi yana cewa, "Tsaya tukuna, ina take kwana?" Ya faɗe ta kamar shi ya ƙirƙiro ta. Na sunkuyar da kai bisa aikina.

Ga roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, ko anka karanta mishi. In ka san wata Hajiya Rabi, doguwa, da ta yi dillancin albasa a Malanville, matar marigayi Mushe Garba malamin lekol, ko ka san ɗaya cikin 'ya'yansu uku, don Allah ka isar da saƙon nan, ko ka aiko min da sunan garin da take. Duk mai zuwa kasuwarmu ya tambayi rumfar da ke da kwalin ƙwai bisa tebur, za a nuna mishi. In Allah ya yi mata rasuwa, 'ya'yan su zo, haƙƙinsu ne, sai dai su gaya min launin aikin da ke ƙirjin rigar mahaifinsu. Da gangan ban rubuta shi ba.

In kuwa tana raye, ku ce mata Sani likitan ƙarfe bai wanke mata ciki ba. Tana kaiwa har ƙarshe, minti ashirin da bakwai, Juma'ar da ta wuce ma ta kai. Ta zo da rigar. Kaskon ta bar shi gida.